Kujerar darakta da matakalar da ke kaiwa gare ta

Na daɗe ina bibiyar labarin matan da ke jagorancin kamfanoni masu zaman kansu a ƙasashen Larabawa, kuma sunan da ya fara jan hankalina shi ne na Lubna Olayan ta Saudiyya. A shekarar 2004 aka zaɓe ta cikin kwamitin daraktocin bankin Saudi Hollandi, a lokacin da doka ba ta ba mace izinin tuƙa mota a ƙasar ba, sannan a 2019 ta zama shugabar kwamitin bankin SABB. Babu mai shakkar ƙwazonta, amma mahaifinta Sulaiman Olayan ne ya kafa kamfanin da ta fara shugabanta, kamar yadda Raja Al Gurg ta Dubai ta gaji ragamar kamfanin gidansu. Wannan ne ya sa nake yawan tambayar kaina ina makomar yarinyar da ta kammala jami'a da sakamako mai kyau, amma ba ta da uban da sunansa zai buɗe mata ƙofa.

Gwamnatoci sun shiga lamarin da ƙarfin doka. A 2021 Hadaddiyar Daular Larabawa ta wajabta wa kamfanonin da ke kasuwar hannun jari su sanya aƙalla mace ɗaya a kwamitin daraktoci, Maroko kuwa a wannan shekarar ta gindaya cewa mata su riƙe kashi 30 cikin ɗari na kujerun kwamitin zuwa 2024 da kashi 40 zuwa 2027. Ina goyon bayan waɗannan dokoki, sai dai ana iya cike kujerun da 'yan tsirarun matan da aka riga aka sani, ba tare da komai ya sauya a ofisoshin da ke ƙasa ba.

Ainihin matsalar tana tsakiyar matakala. A yankin baki ɗaya, kusan mace ɗaya cikin biyar ce ke aiki ko neman aiki, kuma da yawa daga cikinsu sukan ajiye aiki daidai shekarun aure da haihuwa, wato lokacin da ake ɗaga ma'aikaci zuwa shugaban sashe. Shi ya sa nake ganin gyaran da Jodan ta yi wa dokar ƙwadago a 2019 ya fi kusa da tushen ciwon, domin ya ɗora wa kamfani nauyin samar da wurin raino idan 'ya'yan ma'aikatansa 'yan ƙasa da shekara 5 sun kai 15, ko iyayen maza ne ko mata.