Ina ungulayen mayanka suka shiga?

Ranar kasuwa na bi ta mayanka a nan Gusau, na ga jini da tumbi zube a bakin kwata, ƙuda ya yi baƙi ƙirin a kai, karnuka na ta ja-in-ja. Ungulu ko ɗaya babu. Na tambayi wani dattijon mahauci, ya ce: "Yaro, rabona da ganinta a nan har na manta. Da kuwa sai mun kora su da sanda."

Abin ya tsaya mini a rai, wallahi.

Tsuntsuwar da muke ƙyama ita ce mai share mana gari kyauta. Ruwan cikinta yana da kaifin da ke kashe ƙwayoyin cutar da ke jikin mushe. Kuma ƙwai ɗaya tak take yi a shekara, can ƙololuwar rimi ko maɗaci. To mun ƙaru: a ƙidayar 2006 mu miliyan 140 ne a Najeriya, yau mun haura miliyan 200. Kowa na neman gona da itace da gawayi, manyan itatuwan nan duk sun sha gatari. Ga masu sa mata guba, su sayar da kanta ga masu tsibbu. Tun 2015 aka sa irin ungulun nan tamu cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a duniya.

Indiya ta ga haka. Wani maganin shanu ya kashe musu ungulaye, mushe ya tara karnuka, suka hayayyafa, cutar haukan kare ta ƙaru.

Mutanen Talata Mafara da Ƙaura Namoda, ku har yanzu kuna ganinta?