Simintin da na sa wa hannu

Jiya na miƙa makullan wani tsohon gidan ƙasa na cikin birnin Katsina, bayan shekara huɗu ina kula da gyaransa.

A shekarata ta biyu aka ce manyan baƙi na tafe. Oga ya ce a shafe bangon zaure da siminti don ya yi kyan gani. Tsohon maginin gidan, wanda tun kakansa su ke yaɓensa, ya ja ni gefe, ya dafa bangon ya ce, "Ɗan nan, ginin ƙasa numfashi yake yi. In ka toshe shi, ruwan da ya sha ta ina zai fita?" Ni kuwa difloma na ɗibata, na ce, "Baba, zamani ya canja." Na sa hannu.

Kafin ƙarshen Agusta, in ka ƙwanƙwasa simintin sai ya amsa kamar ganga. Danshi ya rasa mafita, tubalin ciki ya koma kunu. Wani dare ɓangaren gabas, inda ruwa ya fi duka, ya zube, ya tafi da zanko biyu, azara ta yi reto. A taro Oga ya ɗaga takarda, kowa ya ga sa hannuna. Shi da baki ya ba da umarni. Ni aka ba takardar tuhuma.

Baba bai ce mini "ai na faɗa maka" ba. Ya sa aka kwaɓa jar ƙasa da ciyawa, aka bar ta kwanaki ta ruɓa, aka jiƙa ɓawon ɗorawa na makuba, wato shafen da ke kare bango daga ruwa, muka ɗaga bangon a rani. Wata Juma'a ya kai ni Tsohuwar Kwaleji, wadda aka buɗe a 1922, inda Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu. Ya ce, "Duba, ita ma ƙasa ce. Hasumiyar Gobarau kuwa ta girme ta nesa ba kusa ba."

Sauran darussan gajeru ne. A share indararo kafin ruwan fari. Kada a musanya azarar giginya da katako, gara za ta yi biki. Wanda zai gaje ni, in an ba ka umarni da baki, ka ce, "Ranka ya daɗe, a rubuta."

Bangon ya ga damina biyu, ko tsagewa bai yi ba. Hotonsa na rataye a ofishin Oga, wanda aka ƙara wa girma bara.