Daga Haidarabad: idon Yaya Sani

'Yan uwa na gida, assalamu alaikum.

Watanmu biyu ke nan a Indiya ni da Yaya Sani, kuma tunda tambaya ta yi yawa a waya, bari in ba ku labarin idonsa gaba ɗaya.

Mu dai afolo muka ɗauka. Ido ya yi ja, yana hawaye, ba ya son haske. Aka sayo masa maganin ɗigawa a kemis, jan ya kwanta, muka ce an samu sauƙi. Ashe maganin yana da sitiroyid, mai kwantar da kumburi, shi kuwa wannan ciwo ƙara rura shi sitiroyid yake yi. Da likita ya ɗiga masa wani ruwa mai ruwan ɗorawa ya haska shuɗiyar fitila, ya kira ni in leƙa: gyambo ne a saman baƙin idon, ya yi rassa kamar busasshiyar bishiya. Ƙwayar cutar hafis ce, irin mai fito da ƙuraje a leɓe bayan zazzaɓi. Tana laɓewa a jijiyar fuska, ta yi shekaru shiru, sai ta taso.

Kafin mu iso, tantanin nan mai kama da gilashi da ke saman baƙin ido ya siranta, yana neman ɓulewa. Sai suka fara lulluɓe shi da wata siririyar fata da ake cirowa daga mabiyiyar matar da ta haihu ta tiyata, da yardarta. Na yi mamaki ƙwarai, abin da muke binnewa a bayan ɗaki! Gyambon ya rufe, amma hakiya ta zauna fara fat.

Daga nan aka yi dashen tantanin. An yanke wurin da ya lalace, aka ɗora na wani mamaci da iyalinsa suka bayar, aka kama shi da ɗinki 16, zaren bai kai kaurin gashi ba. Likitan ya ce tun 1905 Eduard Zirm ya fara yin irin wannan aiki cikin nasara, amma bai ɓoye mana ba: dashe ba ya kashe hafis. Tana iya dawowa kan sabon, jiki ma yana iya ƙin baƙon. Don haka Yaya zai sha asikilobiya, maganin danne hafis, safe da yamma, aƙalla shekara guda, zaren ma sai ya daɗe kafin a cire.

Jiya ya gane lambar ɗakinmu da idon. Yana ta tambayata ko mai idon namiji ne ko mace, asibiti kuma ba sa faɗa.

A gaida Inna, a ce mata ta daina aiko da kwalli.

Ƙanwarku,
Hadiza