Yankan sitika mai kauri: fara duba wuƙa kafin ka ƙara ƙarfi

Wani kuskure da ake yawan yi a aikin allon talla shi ne ƙara wa injin yankan sitika ƙarfin danna wuƙa da zarar sitika mai kauri ta ƙi yankuwa, musamman mai ƙyallin dare da robar da ake rufe gilashi ko dutse da ita kafin feshin yashi. Sau da yawa matsalar tana ga wuƙa.

Wuƙa mai kusurwar tsini digiri 45 ta sitikar yau da kullum ce. Robar feshin yashi kan kai kusan milimita 1 a kauri, don haka mai digiri 60 take so, domin tsininta yana nutsewa ba tare da ya ture gefen harafi ba. In ka canja wuƙa, to ka canja ofset a saitin injin, wato tazarar da ke tsakanin tsinin wuƙa da tsakiyarta. Galibin masu 45 suna aiki da milimita 0.25, masu 60 kuwa wajen 0.5, amma ka bi abin da ke jikin kwalin. Idan ofset ya yi kaɗan, kusurwa ta fito a dunƙule. Idan ya yi yawa, ta fito da ɗan ƙaho.

Tsawon bakin wuƙa ma da hannu ake gwada shi. Ciro mariƙin wuƙar daga injin, ka ja shi a kan guntun sitika bisa tebur. Ya kamata ya ratsa robar, ya bar ɗan zane kawai a takardar baya. In ya huda takardar, ya yi tsawo, kuma zai ci tsirin robar da ke ƙarƙashin wuƙa a jikin injin. Da tsirin ya yi rami, za ka ga yanka yana tsallake wasu wurare.

Rage gudu zuwa santimita 5 ko 10 a daƙiƙa. Ƙarfi kuwa a riƙa ƙara shi da giram 10 zuwa 20, ana yankan gwaji kowane karo. A ganina bi biyu da matsakaicin ƙarfi ya fi bi ɗaya da ƙarfi mai yawa, wanda kan ja robar ta karkace ko ya karya tsinin wuƙa. In kusurwa tana maƙalewa wajen ɓare abin da ba a so, kunna zarcen yanka, ya wuce ƙarshen layi da kamar rabin milimita.

Nadin roba yana da nauyi, kada ka bar injin ya riƙa jan sa. Warware tsawon da aikin zai ci tukuna, ka sa robar ta tafi gaba ta dawo a cikin injin don ka ga ko tana gocewa daga tayoyin riƙo.

Gam na taruwa a bakin wuƙa, sai a goge da sifirit. Mai ƙyallin dare kuma tana dakusar da wuƙa da wuri, gara a ware mata tata daban.