Yadda ake mayar da labarin kurciya da ɓera wasan yara a makaranta

Duk ƙarshen zango na uku, makarantun firamare da Islamiyyu a Kano sai sun nemi ɗan wasan da yara za su yi a gaban iyaye. Abin da aka saba gani shi ne yaro ɗan shekara tara an liƙa masa gemun auduga, yana faɗa da "matarsa" a kan kuɗin cefane. Alhali ga wani tsohon labarin dabbobi a ajiye, daidai bakin yara, wanda ba ya cin kuɗi: labarin kurciya, ɓera, hankaka, kunkuru da barewa.

Asalinsa daga Indiya ne, cikin tarin labaran Panchatantra. Wajen shekarar 570 likita Burzuwaihi ya juya tarin zuwa tsohon Farisanci, sannan wajen 750 Ibnul Muƙaffa'i ya mayar da shi Larabci da sunan Kalila wa Dimna, inda labarin ya samu babi nasa na kansa. Mawaƙin Faransa La Fontaine ya waƙe shi da Faransanci a ƙarni na goma sha bakwai. A ƙasar Hausa ma littafin Kalila wa Dimna ba baƙo ba ne, don yana cikin rumbunan da Abubakar Imam ya ɗebo daga cikinsu lokacin da yake rubuta Magana Jari Ce a Zariya, wanda ya fara fitowa a 1937. Kowa ya sa masa irin rigarsa, amma ƙashin labarin bai canza ba, kuma ƙashin nan ne mai shirya wasa zai kiyaye.

Ga yadda yake. Maharbi ya shimfiɗa raga ya watsa tsaba, garken kurciyoyi ya faɗa ciki. Shugabarsu ta ce kowa ya daina fizgar kansa, a tashi lokaci guda, suka ɗauke ragar zuwa ramin amininta ɓera. Da ya fara gaigayar igiyarta sai ta ce ya fara da sauran: idan ya fara da ita zai iya gajiya ya bar su, amma in ita ce ƙarshe ba zai bar ta ba komai gajiya. Hankaka da ya ga haka ya nemi abota da ɓera. Daga baya suka haɗu da kunkuru a bakin tafki, barewa ta same su tana gudun mafarauta. Barewa ta faɗa tarko, ɓera ya yanke, sai maharbi ya tsinci kunkuru da ya kasa gudu ya ɗaure shi. Barewa ta yi ɗingishin ƙarya, hankaka ya sauka a kanta kamar ya samu mushe, maharbi ya ajiye kunkuru ya bi ta, ɓera ya kwance shi.

Ku lura, babu jarumi ɗaya a ciki. Hankaka ke gani daga sama, ɓera ke da haƙori, barewa ke da ƙafa, kunkuru ke da masauki da nasiha. Malami da zai ba ɗalibin da ya fi kowa baki rabin maganar wasan ya riga ya rushe ginin. A raba magana kusan daidai tsakanin huɗun nan.

Yara goma sha uku sun isa: mai ba da labari, shugabar kurciyoyi, kurciyoyi shida, dabbobin huɗu da maharbi. Ƙananan 'yan aji ɗaya da biyu su zama kurciyoyi, tunda aikinsu amshi ne da kaɗa hannu. A yi fitowa huɗu, tsawon wasan kada ya wuce minti goma sha biyar. A bugun Larabci akwai doguwar hira inda ɓera ke ba da tarihin rayuwarsa a ɗakin wani mai gudun duniya da dinarin da aka tone. Tana da daɗin karatu, amma a gaban iyaye da ke zaune ƙarƙashin rumfa cikin zafi, a cire ta gaba ɗaya.

Wurin da bai kamata a taɓa ba shi ne muhawarar hankaka da ɓera, kuma shi ake fara yankewa don a rage lokaci. Ɓera na cikin rami, ya ƙi fitowa, yana cewa kai mai ci ne ni abinci, wace abota ce tsakaninmu. Hankaka ya ce in na cinye ka ƙoshin rabin yini ne, in na bar ka na samu abin da kurciya ta samu. Nan ne yaro mai kallo ke tsayawa ya yi tunani, domin bai san wa zai gaskata ba. A ba wannan fitowar minti huɗu cif. Ɓera ya leƙo kai ya koma sau biyu kafin ya fito, hankaka kuma ya ja da baya taku uku don ya nuna ba shi da mugun nufi. Idan suka rungumi juna daga jimlar farko, sauran wasan ya zama lami.

Wani jarabin kuma shi ne cusa Gizo. Malamai kan yi haka don a samu dariya, ko don wasan ya yi kama da tatsuniyar gida. Matsalar ita ce duk yaron da ya taso da tatsuniyoyin Gizo da Ƙoƙi ya san abotar Gizo da cin amana take ƙarewa. Da zarar ya shigo, yara za su zuba ido su ga wa zai cuta, in bai cuci kowa ba su ce wannan ba Gizo ba ne. Abin da ya dace a aro daga tatsuniya shi ne buɗewa, "Ga ta nan, ga ta nanku," masu kallo su amsa "Ta zo mu ji ta," sai kuma gajeriyar waƙa mai amshi, layi biyu, da kurciyoyi za su rera lokacin ɗaga raga, a maimaita ta lokacin ceton kunkuru. Makarantar da ba ta son ganga, tafi ya wadatar.

Kayan wasa kusan duk suna gida. Ragar tsohon gidan sauro ne, amma kada a jefa shi a kan yara yadda yake, don yana sarƙe wuya da ɗankunne. A yanka shi gida huɗu, a sake haɗawa da ɗaurin zarge na zaren ulu, yadda ɓera zai kai baki kamar yana cizo, ya ja bakin zaren da hannu, ragar ta rabu. Kurciyoyi su riƙe gefenta sama da kai, su yi ta tafiya a kan yatsun ƙafa. Hankaka baƙar riga da farin ƙyalle a ƙirji da wuya, kamar dai hankakan da ke kan bola. Kunkuru a goya masa babbar ƙwarya daga kasuwar Kurmi, a huda gefe biyu da ƙusa mai zafi don kada ta tsage, a zura ƙyalle mai faɗi, ba igiya ba, saboda igiya na cin kafaɗa. Ƙahon barewa da kunnen ɓera a yanke su daga kwali a liƙa a kan zoben da ke zama a goshi. Duk abin da ya rufe baki a bar shi: murya na shaƙewa, yaro na jiƙewa da gumi. Bakan maharbi kara ne da zare, babu kibiya.

Gwaji sati uku, sau uku a sati, rabin awa bayan tashi. Satin farko magana kawai a zaune, na biyu tsayuwa da shige da fice, na uku da kaya a jiki. Fitowar ƙarshe ta fi kowacce ruɗewa, domin abu biyu ke faruwa lokaci guda. A ja layi da alli: barewa ta janye maharbi zuwa dama har ƙarshen dandamali, ɓera ya ƙirga biyar a zuci kafin ya fito daga hagu. In ya yi gaggawa, masu kallo za su ce ai maharbi na ganinsa.

Mai ba da labari kuma a taƙaita masa baki. Aikinsa ya haɗa fitowa da fitowa da jimla biyu ko uku, ba ya tsaya yana bayyana darasi ba.

Wanda ke son a tura wa iyaye ta WhatsApp, kada ya dogara da bidiyon ranar biki, lasifika da hayaniya sun cinye shi. A ɗauki murya daban, a ɗaki mai labule da darduma, a kashe fanka, a kuma bari janareton maƙwabta ya yi shiru. Waya ta zauna kamar taƙi ɗaya daga bakin mai magana. Fiffiken kurciyoyi faifai biyu ne ake kaɗawa, gaigayar ɓera kuwa wani yaro ya tauna ƙuliƙuli kusa da wayar. Tunda ba a ganin ɗingishin barewa a murya, sai hankaka ya faɗe shi da baki yana tsara dabarar, a kuma rage wasan zuwa minti bakwai don ya sauka a wayar da ba ta da data sosai.