Wace Gaya, wace Illela? Garuruwa masu suna ɗaya da yadda ake rarrabe su

Idan mutum ya ce maka shi ɗan Gaya ne, bai gama faɗa maka garinsu ba. Akwai Gaya ta jihar Kano, gaba da Wudil a kan hanyar Dutse, tsohon garin maƙera da ake ambata a tarihin kafuwar Kano. Akwai kuma Gaya ta jihar Dosso a Nijar, a bakin kogin Kwara, wadda gada ce kawai ta raba ta da Malanville ta ƙasar Benin. Akwai ta uku can a jihar Bihar ta Indiya, wadda ba abin da ya haɗa ta da namu sai dacewar haruffa.

Abin sha'awa game da biyun farko shi ne kusan a kan layi ɗaya suke a taswira. Kowacce tana wajen digiri 11.9 arewa da tsakiyar duniya, sai dai ta Kano tana digiri 9.0 gabas, ta Dosso kuma wajen 3.4. Tsakaninsu ya kai kilomita 600 a miƙe. Wannan tazara tana da illar da mutane ba su cika lura da ita ba. Rana tana ɗaukar minti 4 kafin ta ƙetare digiri ɗaya, ga shi kuma agogon Najeriya da na Nijar ɗaya ne. Don haka rana na faɗuwa a Gayar Dosso kusan minti 22 bayan ta faɗi a Gayar Kano. Mai azumi a Gayar Dosso da ya buɗe manhajar lokutan salla a wayarsa, ya rubuta sunan garin, ya taɓa ta farkon da ta fito ba tare da ya karanta jihar da ke ƙarƙashinta ba, zai iya shan ruwa rana na sama. Wanda ke Gayar Kano ya zaɓi ta Dosso kuma, sahur ɗinsa ne zai shiga cikin alfijir.

Illela ta fi wannan rikitarwa, domin su biyun maƙwabta ne. Ɗaya ƙaramar hukuma ce a jihar Sakkwato, a bakin iyaka, tana kallon Birnin Ƙonni. Ɗayar tana jihar Tawa, arewa da Ƙonnin. Tazararsu a miƙe ba ta kai kilomita 100 ba, kuma Ƙonni ce a tsakani. Wato a tasha guda za ka iya jin ana kiran Illela, mota biyu, ɗaya ta nufi kudu ɗaya ta nufi arewa. Ba wanda zai tashi zuwa Gayar Kano ya wayi gari a Indiya. Rikicin gaske a irin waɗannan tagwaye na kusa yake, masu harshe ɗaya da kasuwanci ɗaya, waɗanda direba ɗaya ya san su duka.

Dalilin maimaituwar sunaye a ƙasar Hausa ba ɓoyayye ba ne. Hanya ta farko ita ce yawancin sunayen garuruwanmu bayani ne, ba laƙabi ba. Mutane sun tashi daga tsohon wuri sun sari daji, sai a ce Sabon Gari ko Sabon Gida. Sun zagaye shi da ganuwa, ya zama Birni, ko Sabon Birni. Sun kafe shi da itace, ya zama Kafi. Fatake suna kwana a wurin, ya zama Zango. Masunta ko manoma sun yi bukkoki, ya zama Tunga. Wasu kuma fata ne na alheri, kamar Tudun Wada da Nasarawa. Tun da kowace ƙasa tana da tudu da dutse da rijiya, kuma kowa yana fatan wadata, dole sunayen su yi ta karo da juna. Tudun Wada akwai ta a Kaduna, da Zariya, da Jos, da Gusau, da Gombe, ban da ƙaramar hukumar da ke kudancin Kano.

Sabon Gari kuwa ma'ana biyu gare shi, kuma ya kamata a bambance. Na ƙauye sabon mazauni ne kawai. Na birni, irin na Kano da Zariya, tsarin Turawan mulki ne: bayan layin dogo ya iso Kano a 1911, sai aka keɓe wa baƙi 'yan kudu unguwa a wajen ganuwa. Na Zariya yau ƙaramar hukuma ce mai zaman kanta, na Kano kuwa unguwa ce a cikin ƙaramar hukumar Fagge. Idan ka tsallaka Kamaru za ka tarar da Sabongari a yankin Arewa maso Yamma, kusa da iyakar Najeriya. A kudu al'amarin juyawa yake yi, Bahaushe ne baƙo, shi ya sa Sabo ta Ibadan unguwar Hausawa ce. Haka Zango ya bi fataken goro ya zama Zongo a Kumasi da Accra da Lome da Kwatano, har a Gana kalmar ta tashi daga sunan wuri guda ta zama sunan kowace unguwar Musulmi baƙi. Wanda ya rubuta "Zongo, Gana" a kan kaya kamar ya rubuta "kasuwa, Najeriya" ne.

Hanya ta biyu ita ce ƙaura. Mutum yakan bar gida amma ba ya barin sunan gida. Wurno ta Sakkwato ribaɗin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ce, a can ma kabarinsa yake. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da hijira gabas da jama'arsa, suka zauna a bakin kogin Nilu kusa da Sennar a Sudan. Garin har yau da sunansa ake kiransa, Mai Wurno. Sannan ga wata Wurno a gundumar Madawa ta Nijar, wadda a takarda ake rubutawa Ourno. Gobirawa ma haka, Tsibiri kusa da Maraɗi, Sabon Birni a Sakkwato, sarauta ɗaya iyaka ta ratsa. Sai dai Tsibiri ba ɗaya ba ce a Nijar, akwai wata a jihar Dosso, kamar yadda akwai wata Sabon Birni a wajen Gayar Dosso.

Hanya ta uku neman albarka ce. Madina unguwa ce babba a Accra, unguwa ce kuma a Dakar. Darussalam birni ne a Tanzaniya, unguwa ce a Yamai.

Akwai kuma sunan da hukuma ta ɗauke daga wani wuri ta kai wani. Abuja ta asali ita ce garin da Sarki Abu Ja ya kafa a 1828, bayan sarakunan Haɓe na Zazzau sun baro Zariya. Da aka yi dokar kafa sabon babban birnin tarayya a 1976, sai aka ba shi sunan, tsohon garin ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. Mai bincike ya kiyaye wannan: duk takardar zamanin Turawa da ta ce Abuja, Suleja take nufi. Makarantar ginin tukwane ta Abuja, inda Ladi Kwali ta kan Naira 20 ta yi aiki, a Suleja take.

To yaya ake kauce wa ruɗani? Magabata sun riga sun yi maganinsa da nahawun harshen kansa, wato jingina suna ga wani suna. Tudun Wadar Ɗankadai, Sabon Birnin Gobir, Zangon Daura, Zangon Katab, Dawakin Kudu, Dawakin Tofa, Kafin Hausa, Kafin Madaki, Dutse Gadawur. Rabi na biyu shi ne ainihin adireshin, kuma shi ne takardun hukuma da allunan hanya suke yawan yankewa don gajartawa. Duk inda suna yake da irin wannan jela, a rubuta shi da jelarsa.

A rubuce, ƙa'idar ita ce hawa huɗu a ƙalla, daga ƙarami zuwa babba. A Najeriya: unguwa ko ƙauye, ƙaramar hukuma, jiha, ƙasa. A Nijar: ƙauye, kwamin (ƙaramar hukumar can), gunduma, jiha. Kada a tsaya a ƙaramar hukuma a ce an gama, domin cikin ƙananan hukumomi 774 na Najeriya akwai masu suna ɗaya: Nasarawa a Kano da jihar Nasarawa, Obi a Binuwai da Nasarawa, Bassa a Filato da Kogi, Surulere a Legas da Oyo, Ifelodun da Irepodun kowacce a Kwara da Osun. Wannan yakan ciji masu cike fom a intanet, inda ake zaɓen jiha kafin jerin ƙananan hukumomi ya fito. Idan aka kuskure jihar, aka kuma ga sunan da ake nema a jerin, ba abin da zai nuna an yi kuskure. Idan ƙauyen ƙarami ne, a ƙara garin kasuwa mafi kusa da ranar da take ci. Direba bai san sunan mazaɓa ba, amma ya san kowace kasuwa da ranarta.

Ga mai aika saƙo ta tasha, a rubuta a kan buhun ko kwalin kansa da maka mai kauri, a gefe biyu, ba a 'yar takardar da za a liƙa ba, don ita ce ke fara yagewa wajen lodi. Lambar wayar mai karɓa ta zo da lambar ƙasa: +234 Najeriya, +227 Nijar, +233 Gana, +237 Kamaru, +235 Cadi, +249 Sudan. Tsawon lambar ma shaida ne. Ta Najeriya 11 ce idan an haɗa da sifilin farko, ta Nijar 8. Idan an ce kaya Illelar Sakkwato za su, lambar mai karɓa kuma 8 ce, a tsaya a sake tambaya, ko da yake mutanen bakin iyaka sukan riƙe layi biyu. Kuma kada a tambayi ɗan kamasho "Illela za ta?", domin amsarsa i ce. A tambaye shi garuruwan da motar za ta ratsa.

Wata matsalar kishiyar wannan ce: gari ɗaya, rubutu biyu. Taswirar Nijar da rubutun Faransanci aka yi ta, don haka mai nema da rubutun Hausa zai iya cewa garin babu shi, ko manhaja ta kai shi takwaransa na Najeriya. Mabuɗin kaɗan ne. Inda muke rubuta u ko w su ou suke sawa, c ta zama tch, j ta zama dj, gi ta zama gui. Shi ya sa Tawa ta zama Tahoua, Madawa Madaoua, Tasawa Tessaoua, Gidan Rumji Guidan Roumdji, Sabon Gida Sabon Guida, Tunga Tounga, Dogon Dutsi Dogondoutchi. Ƙugiyar ƙ da ɗ duk ta zube, Ƙonni ta koma Konni. A gwada rubutun biyu, a haɗe da kuma a rabe, kafin a yanke hukunci.

Abin da ba ya da takwara shi ne lambobin taswira. Idan mutum yana tsaye a wurin, ya danna ɗigon da ke nuna inda yake a Google Maps ya riƙe, lambobi biyu za su fito, sai ya kwafa ya tura, ko ya aika wurin kai tsaye ta WhatsApp. Digiri ɗaya daga kudu zuwa arewa kusan kilomita 111 ne. Lamba 3 bayan ɗigo tana kai mutum cikin mita ɗari da 'yan kai, wanda ya isa a gane ƙauye. Lamba 5 tana kai shi ƙofar gida. Kurakuran da ake yi a nan biyu ne, kuma duk wajen kwafa da hannu suke faruwa. Na farko juya lambobin: ta arewa ce ke fara zuwa, sannan ta gabas. Kano tana wajen 12.0 da 8.5, idan aka juya su sai a faɗa wajen Ganye a jihar Adamawa. Na biyu yar da alamar ragi. Yawancin Gana tana yamma da layin sifili, don haka lambarta ta biyu da ragi take zuwa. Kumasi 6.7 ce da -1.6, a cire ɗan layin nan sai a tsinci kai a iyakar Togo da Benin. Gana dai ta fito da nata tsarin adireshin na waya a 2017, GhanaPostGPS, kuma mai aika abu zuwa wani Zongo gara ya nemi wannan lambar.

A tafiyar jirgin sama ba a dogara da suna sam. Haruffa uku na filin jirgi ake dubawa a tikiti kafin a biya. Birmingham ta Ingila BHX ce, ta Amurka BHM. Sydney ta Ostareliya SYD, ta Kanada YQY. Ɗalibin da ya sami gurbin karatu a London ya duba ko ta Ingila ce ko ta lardin Ontario a Kanada, wadda ita ma tana da jami'a, har kogin da ya ratsa ta Thames ake ce masa. Hyderabad akwai a Indiya akwai a Pakistan, masu tafiya neman magani su lura. Tarabulus ma biyu ce, ta Libiya da ta Labanan, Larabawan da ma sun bambance su da cewa ta Yamma da ta Sham.

A Hausa mun huta da rikicin Neja da Nijar, tun da bakinmu ya raba su. A rubutun boko na Turanci kuwa ko harafi ɗaya bai bambanta su ba. Wanda aka haifa a Minna ko Kwantagora, idan yana cike takardar ƙasar waje, ya rubuta garin da jihar da Najeriya cikakke, in ba haka ba ma'aikacin da bai san yankin ba zai iya mayar da shi ɗan wata ƙasa.