Tarihin Rayuwata, kashi na 14: Lokacin da Dominika ta yi shiru

Makon jiya na tsaya a kan auren aminiyata, na ce yau zan kawo shekarun da suka biyo baya, to ku yi haƙuri zan tsallake su, ba komai a cikinsu sai haihuwa da yaye da kai yara makaranta. Watan Satumban 2017 ne ya tsaya min a rai.

Lokacin ita da mijinta suna Dominika, shi yana karatun likita ita kuma ta bi shi da goyo. Ba Jamhuriyar Dominikan ba fa, na gaji da yi wa 'yan gidanmu wannan gyaran, wannan ɗan ƙaramin tsibiri ne a tekun Karibiyan tsakanin Gwadalup da Martinik, duk duwatsu da koguna, mutanensa 70,000 da ɗoriya, babban birninsu Rozo a nan suke haya. Da guguwar Irma ta daki Barbuda ranar 6 ga wata har aka kwashe mutanen tsibirin kaf aka kai su Antigwa, na kira ta hankalina a tashe, tana dariya take ce min ke dai kwantar da hankalinki mu ta wuce mu. Ko sati biyu ba a cika ba guguwar Mariya ta taso.

Ita Mariya ba ta ba mutane lokacin shiri ba, cikin kamar yini ɗaya ta tashi daga mataki na 1 ta kai na 5, wanda babu sama da shi, ta sauka kansu daren 18 ga wata da iska mai gudun sama da kilomita 250 a awa. Muna gabansu da awa 5, tsakar dare ne a wajenmu. Saƙon muryarta na ƙarshe yana nan a wayata, tana cewa ta cika bokitai da ruwa ta ɗaure fasfo da takardun yarinya a leda, a bayan muryarta kana jin kwanon rufi yana kaɗawa. Na amsa mata, saƙona ya tsaya da alama ɗaya a WhatsApp, bai ƙara motsi ba.

Da asuba na ga abin da Firayim Ministansu Roosevelt Skerrit ya rubuta a Facebook, wai iska ta yaye rufin gidansa. To in gidan Firayim Minista ke nan ina ga gidan haya na ɗalibi? Daga nan tsibirin gaba ɗaya ya ɗauke, ba wuta ba sabis ba intanet, filin jirgi a rufe, hanyoyi ƙasa ta zaftaro ta toshe su.

Inna Allah ya jiƙanta takan ce rashin sani ya fi dare duhu. Tun muna yara take faɗa, musamman in Baba ya yi tafiya aka kwana biyu ba saƙo, ta zauna bakin gado da carbi, mu kuwa mu ɗauka faɗar tsofaffi ce kawai. A makon nan na san me take nufi. Ba ka isa ka yi kuka ba don ba a ce maka an mutu ba, ba ka isa ka ci abinci ya wuce ba, mahaifiyar aminiyata ta kira ni ta ce 'yata kin ji wani abu? in ce Mama in sha Allahu lafiya suke layi ne kawai, ina ajiye wayar jikina na rawa.

Sai ga wata da muka yi makaranta tare, ba zan kama suna ba ta san kanta, ta ɗora hotonsu su uku a sitatus ta rubuta Innalillahi. Ba wanda ya ce mata komai, hotunan Rozo kawai ta gani, laka da gungumen itace sun cika titi. Kafin azahar mutane sun fara shiga gidan Mama da gaisuwa, tsohuwa mai hawan jini! Shekaru bayan nan muka haɗu wajen wani biki take ce min wai ashe har yanzu kina riƙe da abin nan, ai tausayi ne ya sa ni. Eh ina riƙe da shi. Mu muna cikin duhun da Inna ke faɗa, ke kika zo kika ƙara mana da ƙarya don a ce ke kika fara ji.

Labari na gaskiya ta hannun masu ƙananan rediyon aika saƙon nan na sha'awa ya fara fitowa, su kaɗai suka iya magana da waje, ana karɓa ana rubuta sunayen waɗanda aka gani da rai a wani zaure na Facebook. Ni da ban taɓa taka Karibiyan ba na haddace sunayen unguwanninsu. A nan na tsinci sunan mijinta, an rubuta shi a karkace, na karanta na sake karantawa, na kasa kiran Mama don sunanta ita babu, na yarinya babu.

Sai da jirgin ruwa ya fitar da su zuwa Sent Lusiya sannan na ji muryarta da lambar wani. A banɗaki suka kwana da katifa a kansu, yarinya a ƙirjinta, da gari ya waye ba ganye ko ɗaya a kan duwatsun nan kore, duk sun koma ruwan ƙasa. Mutum sama da 30 aka tabbatar sun rasu, wasu kusan haka ba a gan su ba. Tambayarta ta farko wai Mama ta san suna raye? Ban gaya mata zancen sitatus ba ranar, a bakin Yaya ta ji, kuma yadda suka kwashe da waccan ɗin shi zan kawo mako mai zuwa in Allah ya kai mu.